Kafin a ce talaka ya sayi bindiga, wa zai koya masa riƙe ta?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan kiran da ake ta yi wa jama'ar Arewa cewa su tashi su kare kansu, kiran da mafi yawan mutane suka ɗauka da ma'anar kowa ya nemi bindiga ya ajiye a ɗakinsa.

Wannan kira ya daɗe yana zagayowa. Janar T. Y. Danjuma ya yi shi a Jalingo a watan Maris na 2018. Tsohon gwamnan Katsina, Aminu Bello Masari, ya yi shi a Jibiya a watan Agusta na 2021, ya kuma maimaita kafin shekarar ta ƙare. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ƙara gaba, ta ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar domin masu neman lasisin bindiga, har sai da babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 kuma Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da lasisin. Duk wannan kai-komo ya tsaya ne a kan tambaya guda, wato a mallaka ko kada a mallaka, alhali akwai tambayar da ta riga ta, wadda masu goyon baya da masu adawa duka suka tsallake: mutumin da bindigar za ta shiga hannunsa, wa ya koya masa, me aka koya masa, kuma wa ya gwada shi ya tabbatar ya iya?

Ba ina cikin masu cewa talaka ya naɗe hannu ya jira a zo a yanka shi ba ne. Wanda aka kore masa shanu, aka hana shi noma, aka ɗauke masa 'ya har sai da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba ya buƙatar wani ɗan birni ya yi masa wa'azin haƙuri. Kuma ko mun so ko mun ƙi, makaman suna hannun mutane: ƙididdigar da wata cibiyar bincike da ke Geneva ta fitar a 2018 ta kiyasta cewa akwai bindigogi kimanin miliyan 6 a hannun fararen hula a Nijeriya. Tunda haka ne, shirun da hukumomi suka yi game da horo bai rage ko bindiga ɗaya ba, ya dai tabbatar da cewa masu riƙe da su suna koyo ne daga abokai da finafinai da ƙaryar masu asiri.

Dokar makamai da muke aiki da ita ta 1959 ce, ta girmi 'yancin ƙasar nan. Ta kasa bindigogi gida uku: manyan makamai irin na soja, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, bindigogin farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai bindigar toka, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya ba da izininta. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Waɗannan sharuɗɗa duk suna da kyau, amma dukkansu suna tambaya ne a kan halin mutum, babu wanda ke tambayar ƙwarewarsa. Wanda zai tuƙa mota a kan titi, a ƙa'ida sai ya shiga makarantar koyon tuƙi an gwada shi, amma wanda zai riƙe abin da aka ƙera domin kisa kawai, takarda ta wadatar. Afirka ta Kudu ta gyara wannan giɓi a dokarta ta shekarar 2000: kafin mutum ya nemi lasisi sai ya fara samun takardar shaidar ƙwarewa, wadda ba a ba shi sai ya ci jarrabawar sanin doka, ya kuma nuna a aikace cewa ya iya sarrafa irin bindigar da yake nema, sai ya kai shekara 21 in ba da wani dalili na musamman ba, sai yana da akwatin ƙarfe na ajiya a gidansa, kuma lasisin kare kai shekara biyar yake yi a sake sabunta shi. Ƙasar ba ta rabu da miyagun laifuka ba, amma aƙalla dokarta ta san cewa mallaka daban, iyawa daban.

To wane irin horo nake nufi? A nan ne nake so masu karatu su ɗan tsaya, domin akwai horon da yake yaudarar mai shi. A jera mutane da rana tsaka, a kafa musu allo ko gwangwani a nesa, kowa ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya yi saiti a tsanake ya harba, a tafa masa, wannan ya koya wa mutum yadda bindiga ke aiki ne kawai. Ranar da abin zai faru da gaske, dare ne, an tashe shi daga barci, yara na kuka, ba ya ganin inda harbin ke fitowa, kuma abin da yake son harbi yana motsi, yana kuma harbinsa. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da tabbatar da abin da tsoro ke yi wa jiki a irin wannan hali: zuciya ta yi ta bugawa, yatsu su ƙi yin ƙananan ayyuka irin ɗura harsashi, gani ya ƙuntata ya koma kan abu ɗaya har mutum ya kasa ganin wanda ke gefensa, kunne ya toshe har ya kasa jin kiran abokinsa, lissafin lokaci da na harsasan da ya harba su ruɗe masa. Jarumta ba ta hana wannan, domin halitta ce ta jikin ɗan Adam, abin da ke rage shi kawai shi ne maimaita aiki har hannu ya riƙa yin sa ba tare da jiran tunani ba.

Akwai alƙaluma da ya kamata duk mai alfahari da saitinsa ya ji. Cibiyar bincike ta RAND ta yi nazarin harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta fitar da rahoto a 2008, inda ta gano cewa a lokacin musayar wuta kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasansu ke samun wanda suka nufa, idan kuma ba a mayar musu da wuta ba adadin yakan kai kashi 30. Waɗannan mutane ne da aka horar a makaranta, ake kuma sake gwada su a kai a kai. Idan har su ne ke kuskure a fiye da harsashi 8 cikin kowane 10, sai mu tambayi kanmu ina sauran harsasan suke sauka idan mai harbin magidanci ne a tsakiyar ƙauye, inda dangar kara ce ko katangar ƙasa ke tsakaninsa da ɗakin maƙwabcinsa. Su Amurkawan ma da jini suka koyi darasin. A watan Afrilu na 1970, a wani wuri da ake kira Newhall a jihar Kalifoniya, wasu miyagu biyu suka kashe 'yan sandan hanya huɗu cikin ƙasa da minti biyar, dukkansu matasa da ba su cika shekara biyu a bakin aiki ba, kuma daga nan ne aka sake fasalin horon 'yan sanda a wurare da yawa, aka fara koya musu harbi daga maɓoya, da sake ɗura harsashi cikin matsi, da aiki bibbiyu. A 1983 kuma wani sajan na 'yan sandan birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa da ke nesa da kai da ƙafa 21, wato mita shida da ɗoriya, zai iya cim maka cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan daidai lokacin da ƙwararre ke buƙata ya zaro bindiga daga ƙugu ya harba. Wanda ya rataye tasa a bango, ko ya tura ta ƙarƙashin gado, sai ya yi wa kansa lissafi.

Saboda haka ne makarantun ƙwarai a yau suke horar da mutum a cikin duhu, da bayan an sa shi gudu ya gaji, da kuma a wasan kwaikwayo na gaske inda ake amfani da harsasan fenti masu zafi amma ba sa kisa, a sa wani ya fito masa bagatatan, wani lokaci da makami, wani lokaci da wayar hannu kawai, domin a ga ko zai iya bambancewa kafin ya ɗana kunama. A irin wannan horo, wanda ya harbi marar makami ya faɗi jarrabawa komai kyawun saitinsa. Bari in ɗan ratse in ce wani abu game da maganin bindiga, tunda na san wasu za su ce su sun riga sun shirya. Layu da guraye da rigunan asiri sun sa samari da yawa sun miƙe tsaye a fili a inda ya kamata su kwanta ko su fake, kuma duk malamin horon da ya ji nauyin faɗa wa ɗalibansa haka ya ci amanarsu.

Kafin ma a kai ga faɗa, akwai zaman yau da kullum da bindiga a cikin gida, wanda shi ne mafi tsawo kuma mafi yawan haɗari. Ƙa'idojin da masu horo a duniya suka haɗu a kansu ba su da yawa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin tana da harsashi ko da an tabbatar babu, kada bakinta ya taɓa fuskantar abin da ba a yi niyyar hallakawa ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an yanke shawarar harbi, kuma a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Musulmi bai kamata ya ji waɗannan a matsayin baƙin abubuwa ba, domin ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, saboda bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya kama tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Amma dubi yadda ake wasa da bindigogin toka a wajen biki da hawan salla, da yadda 'yan sintiri ke zama a kan benci bakin bindiga na kallon cikin na kusa da su. Sannan ga batun ajiya. Gidan Bahaushe cike yake da yara, da matasa masu tashen balaga, da saɓanin da ba a rasawa tsakanin 'yan'uwa ko ma'aurata. Wani nazari da aka buga a 2014 a wata mujallar likitoci ta Amurka, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa samun bindiga a gida yana ninka haɗarin mutum ya kashe kansa kusan sau uku, haɗarin a kashe shi kuma kusan sau biyu. Yanayinmu ba irin nasu ba ne, amma fushin minti ɗaya iri ɗaya ne a ko'ina, kuma horon da bai koya wa magidanci ya kulle bindiga wuri guda, harsasai wuri daban ba, bai fara ba tukuna.

Sai kuma sanin doka, wanda a ganina shi ne rabin horon. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki na 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi domin kare rai ko dukiya, amma da sharaɗin ƙarfin ya tsaya daidai gwargwadon buƙata. Tsohon kundin Final Kod na Arewa, daga sashe na 59 zuwa na 67, ya fayyace cewa haƙƙin kare kai bai kai ga yin ɓarnar da ta wuce wadda ake buƙata ba, kuma babu shi idan akwai lokacin neman ɗaukin hukuma. Wanda yake ganin wannan magana ce ta takarda kawai, ya tuna da shari'ar manomin nan na Jihar Adamawa da wani makiyayi ya kai wa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi da ita, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa a watan Maris na 2025 bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace makamin yana da damar gudu. Mutane da yawa, har da lauyoyi, sun soki hukuncin, ni ma ban gamsu da shi ba, amma darasinsa ga mai riƙe da makami a bayyane yake: daƙiƙar da barazana ta gushe, hujjarka ma ta gushe a idon alƙali. Fiƙihunmu ma bai yi nisa da haka ba, domin duk da hadisin da ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, malamai sun shar'anta a fara da gargaɗi idan hali ya yi, a tunkuɗe maharin da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, kuma ba a bin wanda ya juya baya domin a huce haushi. Inda aka rasa wannan ilimi, kare kai yakan rikiɗe ya zama ɗaukar doka a hannu. Mun gani a Zamfara da Sakkwato da Katsina yadda kisan Fulani a kasuwanni ba tare da bincike ba, da sunan sa-kai, ya ƙara rura wutar da ake son kashewa, mun kuma ɗanɗana ɗacinsa daga ɗaya ɓangaren a watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bayan 'yan sintirin garin sun ga bindigogin farauta a motarsu sun yanke musu hukuncin masu garkuwa da mutane.

Horo na gaskiya kuma dole ya faɗa wa mutum iyakar abin da ke hannunsa. Bindigar toka harbi ɗaya take yi a tsaya ɗura albarushi. Mai baki biyu harbi biyu ne, kuma amfaninta bai wuce 'yan gomman mitoci ba. AK-47 kuwa tana ɗaukar harsashi 30 a zubi ɗaya, tana kuma kisa daga nisan mita 300. Ɓarayin daji ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, a kan babura suke zuwa da yawa, biyu ko uku a kan kowane. Bindigar magidanci tana iya korar ɓarawon da ya haura katanga, amma wanda ya ce masa za ta tare irin wannan runduna ya tura shi ga halaka. Ko ƙungiyoyi ma ba su tsira ba idan shirin ya yi ƙaranci. A 'Yargaladima ta Zamfara, a watan Afrilu na 2014, an kashe fiye da mutum 100 a wajen taron 'yan banga da aka yi ba tare da tsaron wurin ba. A Banibangu ta Jamhuriyar Nijar, a watan Nuwamba na 2021, an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna aka kashe mutum 69 har da magajin garin da ya jagorance su. Burkina Faso ta kafa rundunar 'yan sa-kai bisa doka a 2020 da horon mako biyu kacal, kuma kisan da aka yi a ƙauyen Solhan a watan Yuni na 2021, inda fiye da mutum 130 suka mutu, ya fara ne da kai hari a sansaninsu. Sai kuma na Unguwar Mantau ta Malumfashi a watan Agusta na 2025, inda aka buɗe wa masallata wuta da asuba, kuma gwamnatin jihar da kanta ta ce ramuwar gayya ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa ɓarayin kwanaki kaɗan kafin nan. Mutanen Mantau ba su yi laifi ba da suka kare kansu, amma nasarar rana ɗaya tana buƙatar shirin abin da zai biyo baya, kuma wannan shiri ba ya yiwuwa sai da hukuma a kusa.

Wannan ne ya sa nake ganin hanyar da Katsina ta bi a watan Oktoba na 2023, da ta ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma kusan 1,500, da wadda Zamfara ta bi a watan Janairu na 2024 da Askarawa fiye da 2,600, ta fi raba fom hankali, domin akwai rajista, akwai shugabanci, akwai wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna. Sai dai bikin yaye dalibai ba shi ne ƙarshen horo ba, ƙwarewar harbi tana dushewa cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ta, kuma harin jirgin saman soja na Tungar Kara ta Zamfara a watan Janairu na 2025, wanda ya faɗa kan 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi, ya nuna cewa wanda ya fita daji da bindiga ba tare da hanyar sanar da sojoji ko shi wane ne ba, yana tsakanin wuta biyu.

Mafi yawan abin da ke ceton rai ma ba ya buƙatar lasisi, kuma ana iya fara koyar da shi gobe a makarantun Islamiyya da na boko da fadar dagatai, ga maza da mata. A san wanda ke gadi da wanda zai karɓe shi, a san alamar da za a buga idan an hango baƙin babura, kowane gida ya san ta inda mata da yara za su fita da inda za a haɗu, a kuma gwada hakan da rana kafin ranar buƙata, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sama da duka a koya wa mutane tsayar da jini. Wanda harsashi ya tsinka masa babbar jijiya a cinya ko hannu yana iya mutuwa cikin minti biyar, kuma danna raunin da ƙarfi, da cusa masa tsumma mai tsabta, da ɗaure gaɓar tamau daga saman raunin, abubuwa ne da ma'aikacin lafiya zai koya wa mutum a yini ɗaya. Mutane da yawa kuma ba su san cewa tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Roƙona ga 'yan majalisarmu na tarayya shi ne, duk ranar da za a taɓa dokar 1959, a sa sharaɗin horo da jarrabawa da wurin ajiya da sabunta lasisi a cikinta, ya shafi har bindigar toka. Masu koyarwa ba su yi ƙaranci ba, domin babu ƙaramar hukumar da ba ta da tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya, waɗanda za a iya tantancewa a ba su manhaja guda a ƙarƙashin kulawar rundunar 'yan sanda, tare da lauya ko alƙali da zai koyar da ɓangaren doka da ma'aikacin lafiya da zai koyar da agajin farko. Kuɗin harsasan atisaye da alawus ɗin masu koyarwa kuwa su fito daga kason tsaro da gwamnoni ke karɓa kowane wata, kada a ɗora su a kan manomin da aka riga aka hana shi zuwa gona.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.